WILLIAM CAREY: BAƘON DA BAI KOMA GIDA BA

A cikin watan nan za mu ba ku labarin wani bawan Allah wanda ya bar ƙasarsu, ya tafi ƙasa mai nisa, ya zauna can shekara 40 da 'yan watanni, har ya mutu bai sāke ganin gida ba. Sunansa William Carey. Waɗanda suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki sun san sunan, gama a kan kira shi uban aikin mishan na zamanin nan. Mun saba jin labarin harsunan da ya koya da littattafan da ya juya. Amma akwai abin da ba safai a kan faɗa ba, watau yadda ya ci, yadda ya kwana, yadda iyalinsa suka ƙare, da irin zaman da ya yi da abokan aikinsa.

Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan gefe na labarin shi ne, da yawa daga cikinmu sun bar gida. Waɗansu neman abinci ya kai su Ikko ko Kumasi, waɗansu sun ƙetare teku, waɗansu kuwa ekklesiya ce ta aike su bishara inda ba su jin harshen mutane. In sun dawo mu kan tambaye su manyan abubuwa. Ba mu cika tambayar abin da ya hana su barci ba. Labarin Carey zai nuna mana inda a kan fi gwada baƙo.

BADUKU MAI TASWIRA

An haifi Carey ran 17 ga Agusta, 1761, a wani ƙauye wai shi Paulerspury, a tsakiyar Ingila. Ubansa masaƙi ne, daga baya ya zama malamin makarantar ƙauyen. Da yaron ya tasa, sai aka kai shi wurin wani baduku ya koyi ɗinkin takalma. A can ya tarar da wani abokin koyo, John Warr, wanda ya dinga yi masa maganar Kristi har ya tuba. A 1781 ya auri Dorothy Plackett, 'yar ƙauye ce, ta girme shi da 'yan shekaru, ran aurensu ma ba ta iya rubuta sunanta ba, alama kawai ta yi. An yi masa baftisma a 1783.

Daga baya ya zama fasto na wata ƙaramar ekklesiyar Baftis a Moulton. Abin da su ke ba shi bai isa ciyar da gida ba, saboda haka yana koyar da yara, yana ɗinkin takalma, yana kuma wa'azi. Duk da haka ya koya wa kansa Helenanci da Ibrananci. Ya zana taswirar duniya ya manna a bango, yana rubuta yawan mutanen kowace ƙasa da addininsu. A 1792 ya buga wani ɗan littafi yana nuna cewa umarnin Ubangiji na kai bishara ga dukan al'ummai yana kan masu bi har yanzu. A cikin Mayu na shekaran nan ya yi wa'azi a Nottingham daga Ishaya 54:2-3. Ran 2 ga Oktoba kuwa waɗansu fastoci kaɗan suka taru a Kettering suka kafa ƙungiyar mishan. Abin da suka yi alkawarin bayarwa a ranar fam 13 ne da sule 2 da sisi. Suka naɗa Andrew Fuller magatakarda.

TASHI

Akwai wani likita, John Thomas, wanda ya taɓa zama a ƙasar Bangal ta Indiya. Shi ne ya ce akwai ƙofa a buɗe can, ya kuma ce abinci yana da araha. Carey ya yarda zai tafi tare da shi.

Da ya faɗa wa matarsa, sai ta ƙi. Kada mu yi saurin ganin laifinta. Tana da 'ya'ya maza uku, ga ciki ya tsufa, ta riga ta binne 'ya'ya mata biyu, ba ta kuwa taɓa yin nisa da danginta ba. Carey ya ɗauki babban ɗansa Felix ya shiga jirgi, da nufin ya koma ya ɗauki sauran bayan 'yan shekaru. Amma a lokacin wani babban kamfanin ciniki na Ingilishi, Kamfanin Indiya ta Gabas, shi ke riƙe da Bangal, ba ya kuwa son masu bishara, don kada su ta da hankalin mutane ciniki ya ɓaci. Da mai jirgin ya ga ba su da takardar izini, sai ya sauke su tun ba su bar bakin Ingila ba.

Kafin su sami wani jirgi, Dorothy ta haihu. Thomas ya koma ya matsa mata da magana, har ta yarda, muddin 'yar'uwarta Kitty za ta raka ta. Cikin gaggawa suka ɗaure kaya. Ran 13 ga Yuni, 1793, suka tashi a jirgin mutanen Danmak, da jariri a hannu. Wata biyar suka yi a kan teku, suka isa Kalkata ran 11 ga Nuwamba.

KUƊI SUN ƘARE

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Carey bai san kasuwa ba, bai san kuɗin ƙasar ba, saboda haka ya bar jakar a hannun Thomas. Thomas kuwa mutum ne mai zafi cikin bishara, mai tausayin marasa lafiya, amma kuɗi ba su zama a hannunsa, ga kuma tsohon bashi yana binsa. Guzurin da aka ba su na shekara guda, kafin wata uku ya ƙare. Thomas ya koma aikin likita a Kalkata, ya kama gida mai kyau. Carey da mata biyu da yara huɗu suka rasa wurin zama, sai wani mai ba da bashi, mutumin ƙasar, ya ara musu wani tsohon gida a bayan gari. A nan atuni ya kama Dorothy da Felix. Matan suna kuka suna tuna gida, Carey kuwa ba shi da abin da zai amsa musu.

A farkon 1794, ya ji ana ba da gona kyauta a wani wuri wai shi Debhata, gabas da Kalkata, a cikin fadama mai kurmi inda damisoshi su ke cin mutane. Suka tafi a kwalekwale, suka isa da abincin da bai wuce na kwana ɗaya ba. A nan Allah ya nuna ikonsa ta hannun wanda ba a zata ba. Wani Bature mai lura da aikin gishiri na kamfanin, Charles Short, wanda a lokacin ba mai bi ba ne, ya karɓe su duka a gidansa, ya ciyar da su watanni. Carey ya shiga saran daji, yana gina bukkar gora da hannunsa.

MA'AIKATAR SHUNI

Ana nan sai wasiƙa ta zo daga Thomas. Wani mai bi, George Udny, yana neman wanda zai riƙe masa ma'aikatar shuni a wani ƙauye wai shi Madnabati, kusa da Malda, a kan rupi 200 a wata. Ashe mutumin da ya jefa su cikin yunwa shi ne kuma ya samo musu abinci. Carey bai riƙe shi a zuciya ba, suka ci gaba da aiki tare har mutuwar Thomas a 1801.

Mu Hausawa mun san baba, mun san marina. A Bangal a kan yanke baban da damina, a jiƙa shi cikin manyan kwarmin ruwa, a yi ta bugun ruwan har shunin ya kwanta, sa'an nan a dafa, a matse, a yanka shi gunduwa gunduwa, a aika Turai. Aikin ya kan yi zafi kamar wata uku a shekara, sauran watanni da sauƙi. Wannan ya yi wa Carey daidai. Ya sami takardar zama a ƙasar, gama yanzu shi ma'aikacin shuni ne a idon kamfani. Ya sami lokacin juya Sabon Alkawari. Ya kuma koyi Bangalanci na gaske a bakin manoma da leburori. Sai ya rubuta wa ƙungiya a Ingila cewa kada su ƙara aiko masa da kuɗi, su yi amfani da su su aiki wani.

Kusan shekara biyu ya yi bai sami wasiƙa daga gida ba. Da wasiƙu suka zo, ga abin da ya tarar a ciki: waɗansu daga cikin shugabannin ƙungiyar suna yi masa gargaɗi kada ciniki ya haɗiye mai bishara. Mutanen da ba su aiko masa da abin da zai ishe shi ba, su ne su ke zarginsa da son kuɗi. Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Ya amsa musu da cewa in ya cire ɗan abin da iyali za su ci, duk sauran albashinsa a kan aikin bishara ya ke tafiya, wajen biyan masu taimakonsa juyi da riƙe makaranta. Manzo Bulus ma ai ya ɗinka tanti a Koranti, kamar yadda mu ke karantawa a Ayyukan Manzanni 18:3.

Wurin aikin kansa ba shi da daɗi. An gina ma'aikatar a inda bai dace ba. Wata shekara ambaliya ta cinye baban, wata shekara fari ya ƙone shi. Malamin da ke koya masa harshe, Ram Basu, wanda ya sa rai zai zama mai bi na fari, sai aka same shi da zina, tilas ya sallame shi a 1796. Yana wa'azi kowace Lahadi, yana zaga ƙauyuka a ƙasa da kwalekwale, mutane suna saurara da ladabi, amma ko ɗaya bai tuba ba. Udny ya sayo masa wani tsohon injin buga littattafai na katako. Da mutanen ƙauye suka ga yadda ya ke murna da shi, sai suka ɗauka gunkin Turawa ne. A 1799 aka rufe ma'aikatar don ba ta kawo riba.

DOROTHY

A nan ya kamata mu dakata, gama nan ne labarin ya fi nauyi. Sa'ad da suka bar Debhata, Kitty ta tsaya can, ta auri Charles Short. Dorothy ta rasa mace ɗaya tak da ta ke iya yin hira da ita. A Madnabati ba Baturiya ko ɗaya, ita kuwa ba ta iya harshen ƙasar ba. Mijinta yana fita da safe zuwa ma'aikata, in ya dawo ya sunkuya a kan takardu har dare. Shi yana da kira da aiki da littattafai, ita kuwa sai zafi da ciwo da kewar gida.

A cikin Oktoba, 1794, ɗansu Peter, mai shekara 5, ya mutu da atuni, Carey kansa yana fama da zazzaɓi. Mutanen ƙasar suna da al'ada mai ƙarfi ta bambancin asali, wanda ya taɓa gawar baƙo sai 'yan'uwansa su ƙi ci da sha tare da shi. Aka rasa kafintan da zai yi akwati. Da ƙyar waɗansu Musulmi huɗu suka yarda suka haƙa kabari, su ma daga baya mai garinsu ya hana mutane cuɗanya da su, sai da Carey ya tsaya musu. Aka nemi masu ɗaukar gawa aka rasa, har uban da uwar suka shirya su ɗauki ɗansu da kansu, sa'an nan wani yaro da wani baran gidan suka ɗauka.

Bayan wannan da 'yan watanni hankalin Dorothy ya taɓu, bai kuwa komo ba har ta mutu. Ta kan zargi mijinta da neman mata, ta bi shi da zagi a gaban mutane, har ta taɓa tasam masa da wuƙa. Tilas aka riƙa kulle ta a ɗaki. Abokansa suka ba shi shawara ya kai ta gidan mahaukata a Kalkata, ya ƙi, don ya san irin wulakancin da a ke yi musu a can. Ya riƙe ta a gida shekara 12 da ɗoriya. Yawancin juyin Littafi Mai Tsarki da ya yi a shekarun nan, ya yi shi ne yana jin kukanta daga ɗaki na kusa. Ta rasu ran 8 ga Disamba, 1807.

Masu rubuta tarihi na dā sun ce ita ce ta zama masa kaya. Mu dai ba mu ga haka ba. Matan nan ba ta ji kira ba, an matsa mata ne ta bi, ta kuwa biya da ɗanta da hankalinta. Muna girmama Carey domin bai yashe ta ba. Amma gaskiya ta sa mu ce ya ƙidaya yawan mutanen duniya a kan taswira, bai ƙidaya abin da tafiyan nan za ta ci wa matarsa ba.

ZAMAN GIDA ƊAYA A SERAMPUR

A cikin Oktoba, 1799, sababbin ma'aikata suka iso daga Ingila. A cikinsu akwai William Ward, mai sana'ar buga littattafai, da Joshua Marshman, malamin makaranta, da matarsa Hannah. Kamfani bai yarda su zauna a ƙasarsa ba, sai suka fake a Serampur, wani ɗan gari a bakin kogi, kamar mil 15 daga Kalkata, wanda ke hannun sarkin Danmak. Carey ya ƙaura wurinsu ran 10 ga Janairu, 1800.

Sun san karin maganan nan da mu ke yi, zo mu zauna zo mu saɓa, ko da ya ke ba da Hausa suka san shi ba. Saboda haka tun da fari suka kafa doka. Tukunya ɗaya za su ci. Duk abin da mutum ya samu, ko ta albashi ko ta makaranta ko ta buga littattafai, jaka ɗaya zai shiga, a ba kowane gida ɗan abin sayen tufafi. Lura da gida kuwa bi da bi ne, kowa wata guda. Kowace Asabar da yamma su kan taru, wanda ke da damuwa da ɗan'uwansa ya faɗa a fili, a shirya kafin Lahadi, abin da ba a faɗa a nan ba kuwa kada a ta da shi daga baya. A 1805 suka rubuta alkawarinsu, suka ce a riƙa karanta shi sau uku a shekara. Mutanen nan uku halinsu ba ɗaya ba ne, amma sun zauna lafiya shekara 23, har kwalara ta ɗauke Ward a 1823.

Da Marshman da matarsa suka ga 'ya'yan Carey maza huɗu, sai hankalinsu ya tashi. Yaran sun tashi ba kwaɓa, ba karatun kirki, gama uwa ba lafiya, uba kuwa mai sanyin hali ne, ba ya iya tsawatawa. Hannah ta ɗauke su kamar nata, Ward kuma ya jawo Felix a jiki ya koya masa aikin buga littattafai har ya kai shi ga Kristi. Abin da uban ya kāsa, jama'ar masu bi suka yi.

A ƙarshen 1800 wani kafinta, Krishna Pal, ya goce a kafaɗa, Thomas ya gyara masa, ya kuma yi masa bishara. Ran 28 ga Disamba Carey ya yi masa baftisma a kogi tare da Felix. Shi ne nunan fari bayan shekara 7. A ranan nan Thomas yana kulle a ɗaki guda, don murna ta juya masa kai, Dorothy kuma tana kulle a wani. Haka farin ciki da baƙin ciki suka zo masa a rana ɗaya.

A farkon 1801 aka gama buga Sabon Alkawari da Bangalanci. A shekaran nan kuma gwamnati ta ɗauki Carey ya koyar da harshen a kwalejin Fort William a Kalkata, inda a ke horar da samarin ma'aikatan kamfani, a kan rupi 500 a wata, daga baya aka mai da shi 1,000. Badukun da aka sauke daga jirgi ya zama malamin masu mulki. Kuɗin kuwa jakar jama'a suka shiga. A kwalejin, da ya zauna da manyan malaman ƙasar, sai ya gane juyinsa na fari kalmomin Bangalanci ne a kan ginin Turanci, mutane ba su fahimta sosai. Bai yi gardama ba. Ya koma ya sāke aikin, ya kuma yi ta gyaransa har tsufansa.

GOBARA

Ran 11 ga Maris, 1812, da dare, wuta ta kama gidan buga littattafai. Carey yana Kalkata, sai da safe Marshman ya je ya faɗa masa. Takarda mai yawa ta ƙone, haruffan dalma na harsuna da yawa suka narke. Abin da ya fi ciwo shi ne rubuce-rubucen hannu waɗanda ba su da na biyu, har da wani babban ƙamus na harsunan Indiya da ya yi shekaru yana tarawa. Da suka tona toka, sai suka tarar ƙarafan asali waɗanda da su a ke ƙera haruffa ba su lalace ba, injunan bugawa kuma sun tsira. Suka narkar da dalmar, suka soma zuba haruffa daga fari. Carey ya ƙarfafa 'yan'uwa da cewa hanyar da mutum ya taɓa bi ta fi sauƙin bi a karo na biyu. Da labari ya kai Ingila, cikin kamar wata biyu ekklesiyoyi suka tara abin da ya biya asarar.

WAHALA DAGA 'YAN'UWA

Wutan nan ba ita ce ta fi ƙona shi ba. Andrew Fuller, wanda ya san shi tun yana baduku, ya rasu a 1815. Ƙungiya ta koma hannun waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Sabon magatakarda, John Dyer, wasiƙunsa ba irin na ɗan'uwa zuwa ga ɗan'uwa ba ne, sun fi kama da na babban ofis zuwa ga ƙananan ma'aikata. Suka soma tambaya, gidajen Serampur da filayen na wane ne? Ina lissafin kuɗi? Mutanen nan uku kuwa da guminsu suka sayi yawancin wurin, ba su ajiye wa kansu kome ba. Suka ce sun yarda dukiyar ta ƙungiya ce, amma ba su yarda kwamitin da ke Ingila ya juya aikin daga nesa ba.

Sa'an nan ga samarin ma'aikata da aka aiko daga baya. Ba su ji daɗin dokar jaka ɗaya ba, sun kuma ga dattawan sun riƙe kome a hannunsu. Marshman ne suka fi ƙi, gama mutum ne mai kaifin baki. Suka ware suka kafa nasu aiki a Kalkata, da nasu ɗakin sujada da nasu gidan buga littattafai. A cikinsu har da Eustace Carey, ɗan ƙanensa. Jita-jita ta bazu a Ingila cewa dattawan Serampur sun tara wa kansu dukiya. Samarin suka so su raba Carey da Marshman, su yabi wannan su kushe wancan, amma Carey ya ƙi. Ya tsaya tare da abokinsa, ya ce duk abin da aka yi tare suka yi shi. A 1827 Serampur ta rabu da ƙungiyar da Carey da kansa ya sa hannu aka kafa. Ba a sāke haɗuwa ba sai 1837, bayan mutuwarsa.

In za mu yi shari'ar gaskiya, laifin ba na gefe ɗaya ba ne. Masu ba da baiko suna da iko su tambayi lissafi, Bulus ma ya kiyaye wannan a II Korantiyawa 8:20-21. Dattawan sun gina aikin a kan amana tsakanin abokai, ba su rubuta iyakar kome a fili ba, da abokan suka mutu sai amanar ta rasa mai shaida. Samarin kuma ba 'yan banza ba ne, ɗayansu, William Yates, ya zama gwanin juyi. Amma sun yi gaggawa, sun kuma kai ƙarar dattawa inda ba za su iya kāre kansu ba.

ƘARSHEN KWANAKINSA

Duk cikin wannan rikici bai ajiye alƙalami ba. Shi da malaman ƙasar da ke taimakonsa sun juya dukan Littafi Mai Tsarki cikin harsuna 6, da sassa cikin waɗansu da yawa. Waɗansu juyin ba su yi kyau ba, na baya sun sāke su, amma shi ya share hanya. A 1818 suka kafa Kwalejin Serampur, wadda ta ke nan har yau. Yana da lambu babba inda ya ke tara itatuwa da furanni, nan ne ya kan huta, nan kuma ya kan yi addu'a. Tun 1799 ya ga an ƙone wata mace da rai tare da gawar mijinta, ya yi shekara 30 yana yaƙi da al'adan nan, shi da waɗansu 'yan ƙasar kamar Ram Mohan Roy. A cikin Disamba, 1829, gwamnati ta hana. Takardar dokar ta iso masa ran Lahadi, sai ya ba wani wa'azin, ya zauna ya juya ta da Bangalanci a ranar, don kada jinkiri ya ci ran wata.

Matarsa ta biyu, Charlotte, wadda ya sami kwanciyar rai da ita shekara 13, ta rasu a 1821. Felix da Krishna Pal suka bi a 1822. A tsufansa manyan gidajen ajiyar kuɗi na Kalkata suka karye, kuɗin mishan suka nutse a ciki. Ya rasu ran 9 ga Yuni, 1834, yana da shekara 72. Bai bar dukiya ba, har ya yi wasiyya a sayar da littattafansa a ba ɗaya daga cikin 'ya'yansa. A kan kabarinsa ya ce a rubuta sunansa da kwanakinsa, da layi biyu na wata waƙar sujada masu nuna shi mai zunubi ne marar ƙarfi wanda ya dogara ga jinƙan Mai Ceto.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Carey da kansa bai ɗauki kansa mai baiwa ta musamman ba. Abu ɗaya ya yarda yana da shi, watau naci, ya iya sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya ba fasawa. Damisa ba ta taɓa shi ba, waɗanda ya je yi wa wa'azi kuma ba su kore shi ba. Abin da ya gwada shi shi ne jakar kuɗi a hannun aboki, da ciwo a cikin gida, da wasiƙa mai sanyi daga waɗanda suka aike shi. Wanda ke baƙunci a cikinmu, in ya gamu da irin waɗannan, kada ya ce Allah ya yashe shi ko kuwa ya ɓata hanya.

Kai mai gida da ke shirin tashi, zauna da matarka tukuna. Kiran da ka ji, ita ma ta ji? Wa za ta yi hira da shi a can? Ka ba ta lokaci ta koyi harshen wurin kamar yadda za ka koya. Ka duba I Timoti 5:8 kafin ka ɗaure kaya.

Ku dattawan ekklesiya da kuka aiki mai bishara, yaushe rabonku da ku rubuta masa, ko ku je ku ga inda ya ke kwana? In kun ji yana noma ko ɗinki don ya ci, ku tambayi kanku abin da kuka aika masa kafin ku zarge shi. Maganar kuɗi da fili da gini kuwa, a rubuta ta a fili tun ana shiri, gama masu amana ba su dawwama.

Mu kuma da mu ke aiki tare, fasto da mai bishara da malamin makaranta, dattijo da saurayi, me zai hana mu ɗauki al'adan nan ta daren Asabar? Harshe da haƙori ma su kan saɓa. Maganar da aka faɗa a gaban juna ta kan mutu a ranar, wadda aka aika a ɓoye kuwa ta raba Serampur da ƙungiyarta shekara 10.

Bari mu tuna da 'yan'uwanmu da ke baƙunci a cikin addu'armu ta wannan wata, musamman matansu da 'ya'yansu, mu ambace su da sunansu. Ubangiji ya ba su haƙuri, ya ba mu kuma zuciyar da ba ta manta da su. Amin.